"A Ba Ni Na Kwana Biyu": Siyasar Hula da Lafiyar Talaka

Ranar wata Laraba bayan sallar isha'i na tsaya a wani kemis na unguwarmu zan sayi maganin hawan jinin mahaifiyata. A gabana akwai wani dattijo, da ganinsa daga asibiti yake, don takardar likita na hannunsa a ninke gida huɗu, gumi har ya fara cin tawadar. Yaron shagon ya warware ta, ya danna kalkuleta, ya faɗi kuɗin. Dattijon ya sa hannu a aljihun gaba ya ƙirga abin da ke ciki. Ya sake ƙirgawa.

"Yaro, a ba ni na kwana biyu. In Allah ya hore na dawo."

"Baba, wannan fa sai an sha na sati guda cur. In aka katse, ciwon dawowa zai yi."

"Na ji. Ba ni na kwana biyun."

Yaron ya ɗauki almakashi ya yanko ƙwaya shida daga jikin katin, ya zuba a 'yar leda.

A kan kantar akwai rediyo a kunne, ana irin shirin siyasar nan na dare da sojojin baka ke shiga su zazzage cikinsu. Wani yana ta kurin cewa ubangidansa ne ya gina asibiti kaza. Sai dattijon nan, wanda ɗazu da ƙyar ake jin muryarsa, ya juyo da ƙarfi: "Ƙarya yake yi! Mu muka gina shi, su fenti kawai suka shafa!" Wani mai sayen sirinji a bayana ya ce bai yarda ba. Aka sarƙe. Sun fi minti goma sha biyar suna yi, ledar ƙwaya shidan tana hannunsa yana nuni da ita.

Wannan "mu" ɗin ne ya hana ni sakat. Mutum ya fito daga cikin ginin hannu rabbana, an rubuta masa magani an ce ya je waje ya saya, bai iya saye ba, amma ga shi yana rantsuwa a kan wanda ya ɗora bulon. Bai tambayi abin da ya sa ɗakin maganin asibitin ya zama fayau ba. Abokin gardamarsa ma bai tambayi abin da ya sa shi yake sayen sirinji da kuɗinsa ba.

Ra'ayina shi ne abu biyu suka taru suka danne harkar lafiya a ƙasar nan, kuma kowanne na ciyar da ɗan'uwansa. Masu yanke shawara a kan asibitin gwamnati ba a cikinsa suke kwanciya ba, su da iyalinsu da duk wani mai bakin da za a saurara. Waɗanda aka bari a ciki kuma an raba su gida-gida da launin hula, har ba sa iya haɗa baki su nemi abu guda. Da ɗaya ne kawai da da sauƙi. Talakawa masu baki ɗaya na iya tanƙwara shugaban da bai san zafinsu ba. Shugaban da matarsa ke haihuwa a asibitin gwamnati kuma zai gyara shi ko jama'a na cin naman juna. Mu tamu ta haɗa biyun.

Masu tsara asibitin ba su san warinsa ba

Ba gori nake yi wa mamata ba, Allah ya jiƙansu, amma abin da ya faru ya faru. A Nuwamban 2009 Jidda aka kai Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, ƙasa ta yi watanni ba a san halin da ake ciki ba. A 2017 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi fiye da kwana 100 a jere yana jinya a Landan, kuma a can ya cika a Yulin 2025. Jam'iyyunsu daban, hanyar filin jirgin ɗaya.

A Oktoban 2017 ɗin ne uwargidan shugaban ƙasa, Aisha Buhari, ta fito gaban jama'a ta koka cewa asibitin fadar shugaban ƙasa babu ko sirinji, na'urar ɗaukar hoton ƙashi ba ta aiki, alhali ana ta gine-gine a harabarsa. In asibitin da ke cikin fada haka yake, to a ƙiyasta sha-ka-tafi na wani ƙauye a Zamfara.

Kuma ba shugabanni kaɗai suka fice ba. Babban ɗan kasuwa Masar ko Indiya yake tafiya. Ma'aikacin banki na da katin asibitin kuɗi. Ma'aikacin gwamnatin tarayya na cikin inshorar lafiya tun da aka ƙaddamar da ita a 2005. Ɗan jarida, lauya, malamin jami'a, kowa ya san wani likita da zai kira a waya ya tsallake layi. Ni kaina ina cikin masu wannan laifi. Duk mutumin da in ya yi fushi za a ji a gidan gwamnati ya sama wa kansa ƙofar baya. Wanda ya rage a kan benci tun asuba da kati a hannu shi ne wanda fushinsa ba ya wuce bakin get.

Sakamakon yana nan a rubuce. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a cikin yara 1,000 da aka haifa a gidajen da suka fi talauci, 173 ba sa kai shekara biyar. A gidajen da suka fi wadata, 53 ne. A Arewa maso Yamma adadin 187 ne, a Kudu maso Yamma 62. Binciken ya kuma gano kashi 97 cikin 100 na mutanen da aka tambaya ba su da kowace irin inshorar lafiya. Fiye da naira 70 cikin kowace 100 da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun mara lafiya da danginsa take fitowa, a ranar da ciwon ya kama. Shi ya sa tiyata guda kan cinye akuya, ta cinye keken ɗinki, ta cinye gona.

"Ai kuɗin ne babu"

Wannan ita ce amsar farko da ake ba mutum, kuma ba ƙarya ce tsagwaronta ba. Kuɗin da gwamnatin Najeriya ke tarawa, in aka raba shi da yawan jama'a, bai taka kara ya karya ba. Babu wanda zai kawo mana asibitocin Jamus da irin wannan aljihu.

Amma rashin kuɗi daban, yadda ake kasa ɗan abin da ke akwai daban. A Afrilun 2001, a nan Abuja, shugabannin Afirka suka yi alƙawarin ware wa lafiya aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu. Mu muka karɓi baƙin, sunan birninmu alƙawarin ke ɗauke da shi. Fiye da shekara 20 ke nan kasafin tarayya na lafiya yawanci yana yawo tsakanin kashi 4 zuwa 6. An yi mulkin wannan jam'iyya shekara 16, an yi na waccan fiye da 10, allurar ba ta motsa ba. Wasu jihohin, har da na Arewa, sun kai kashi 15 ɗin a takarda, sai dai kowane akawu ya san tsakanin "an ware" da "an saki" akwai tafiyar kwana da kwanaki.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta yi kusan shekara goma tana kai-kawo a majalisa kafin Shugaba Goodluck Jonathan ya sa mata hannu a 2014. Ita ce ta ce a riƙa cire aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya a zuba a asusun kula da lafiya a matakin farko. Kashi ɗaya tak. Shi ma bai shiga kasafi ba sai 2018, da kimanin naira biliyan 55.

Yanzu a kwatanta da ƙarshen 2023. An cire tallafin mai a watan Mayu, an saki naira ta faɗi, kamfanin magunguna na GSK ya sanar a Agusta cewa zai daina harkarsa kai tsaye a ƙasar, masu asma suka wayi gari abin shaƙarsu ya ninka kuɗi sau da yawa. A daidai wannan lokacin aka saya wa 'yan majalisar tarayya manyan motoci, kowace sama da naira miliyan 100. Ban ji an yi shekara goma ana muhawara ba. Ban kuma ga wata gabar jam'iyya ba, na gwamnati ya karɓi makulli, na adawa ma ya karɓa. Ashe sun iya haɗa kai. Rigimar tana tashi ne idan abin da za a raba na mai benci ne.

"To ai gasar ce ke kawo asibitocin"

Wani abokina ɗan siyasa yakan ce in daina kushe hamayya, don da babu ita ko fentin ma ba za a shafa ba. Na ba shi gaskiya rabi. Tsoron faɗuwa zaɓe ya sa an yi ayyukan da ba don shi ba da ba a yi su ba.

Sai dai gasa irin tamu tana haifar da abin da ake iya ɗauka a hoto ne. Gini yana da hoto, yana da allo mai sunan gwamna, yana da ranar yanke kyalle, yana kuma da kwangila. Albashin ungozoma ba shi da hoto. Man janareta, ruwan famfo a ɗakin haihuwa, firjin ajiye jini, iskar numfashi a tukunya, babu wanda ake kiran makaɗa a kansu. Shi ya sa za ka ga asibiti sabo fil, tayil na ƙyalli, da ƙarfe biyun dare nas tana ɗinke mai jego da fitilar waya.

Mafi muni shi ne abin da ke faruwa idan mulki ya sauya hannu. Kano ta isa misali, kuma na zaɓe ta ne don babu ɓangaren da zai fito da fari a ciki. Manyan asibitoci biyu, na Giginyu da na yara da ke titin gidan Zoo, a zamanin Malam Ibrahim Shekarau aka fara su. Gwamnatin da ta gaje shi a 2011 ta yi shekara huɗu ba a kammala su ba. Sai a Disambar 2017, zamanin Ganduje, aka buɗe su. Sannan asibitin yara na Hasiya Bayero ya daina aikin da aka san shi da shi a zamanin Gandujen, gwamnatin da ta zo a 2023 ta sake buɗe shi tana cewa ƙwato shi ta yi, waɗanda suka sauka kuma suna da nasu bayanin. Kowane ɓangare zai iya kwana yana kare nasa. Abin da babu mai ƙirgawa shi ne yaran da aka yi ta yawo da su a goye a shekarun da ƙofofin ke rufe.

A tarayya ma haka. Bayan zanga-zangar tallafin mai ta Janairun 2012 an kafa shirin SURE-P na yin ayyuka da kuɗin da aka rage daga tallafin, kuma a cikinsa akwai ɓangaren mata masu ciki da ƙananan yara. An ɗauki ungozomomi da jami'an lafiya an tura ƙauyuka, a wasu wuraren ana ba mace har naira 5,000 in ta cika zuwa awo, ta haihu a asibiti, ta kai jariri rigakafi. Da gwamnati ta sauya a 2015 aka naɗe tabarmar shirin gaba ɗaya. An ce an ci kuɗi a SURE-P, kuma ban musa ba. To a kama wanda ya ci mana. Matar da ta saba zuwa awo saboda ta san za ta tarar da ungozoma, rana ɗaya ta je ta tarar da kwaɗo, me ta ci? Irin wannan matar ba ta komawa da wuri, ko an kawo sabon shiri da sabon suna. Ta riga ta koyi cewa abin gwamnati na ɗan lokaci ne.

Tsarin rabon aikin ma ya zama maɓoya. Asibitocin koyarwa na tarayya, manyan asibitoci na jiha, sha-ka-tafi na ƙaramar hukuma. In gwamna da shugaban ƙasa ba sa ga maciji, kowa ya nuna ɗan'uwansa da yatsa. In jam'iyyarsu ɗaya, a yi shiru a rufa wa juna asiri. Ƙaramar hukumar da ya kamata ta riƙe asibitin da ya fi kusa da talaka kuwa kuɗinta a hannun gwamna yake. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba su kai tsaye, amma wanda ya san yadda ake zama shugaban ƙaramar hukuma a ƙasar nan ya san wa zai kira kafin ya taɓa sisi.

"Talakan ne ba ya son asibiti"

Wannan tana fitowa ne daga bakin 'yan boko irina, kuma tana ba ni haushi fiye da sauran. Wai mutanenmu sun fi son boka da mai maganin gargajiya, wai jahilci ne. Ana kafa hujja da batun shan inna.

Bari mu tuna yadda abin ya kasance. A 2003 Kano da wasu jihohin Arewa suka dakatar da ɗigon rigakafin shan inna saboda jita-jitar cewa yana hana haihuwa. Kano ta yi kusan shekara, sai a Yulin 2004 aka ci gaba, bayan an kawo maganin daga Indunusiya. A tsakanin nan cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20. Jita-jitar ƙarya ce, kuma yaran da suka shanye ba za a mayar musu da ƙafa ba. Wannan ba abin karewa ba ne.

Amma ƙaryar ta sami ƙasa mai danshi ne ta tsiro. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano. Cikin yara kimanin 200 da aka sa a gwajin, 11 sun rasu, wasu sun nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, iyaye suka ce ba a nemi izininsu yadda ya kamata ba, kuma sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Ga yaƙin Iraƙi da aka fara a 2003. Ga zaɓen shekarar da ya bar Arewa cike da jin an yi mata fashi, Kano na hannun 'yan adawa, Abuja na hannun waɗanda ake zargi. Duk abin da ya fito daga Abuja a lokacin da wutsiyar ido ake kallonsa.

Sannan ga tambayar da iyaye mata suka riƙa yi a zaure, wadda har yau ban ji an ba ta amsa mai gamsarwa ba. Ɗana ya yi ƙyanda na kai shi asibiti an ce in kawo kuɗi. Zazzaɓi ya kashe min ɗaya saboda ban da na magani. Yanzu kuma ga ku har ƙofar ɗaki, kyauta, wata bayan wata, da maganin cutar da ban taɓa kuka da ita ba. Me ya sa? Wannan tambayar mai hankali ce ta wanda aka daɗe ana yi wa rowa.

Abin da ya kawo ƙarshen cutar shi ma abin dubawa ne. An janye maganar daga bakin 'yan jam'iyya aka miƙa ta ga sarakuna da malamai, Sarkin Musulmi ya jagoranci kafa kwamitin sarakunan Arewa, aka fara haɗa ɗigon da gidan sauro da sabulu da maganin ƙananan cututtuka. An sha wuya, har an kashe ma'aikatan rigakafi tara a Kano a Fabrairun 2013. Amma daga Obasanjo zuwa 'Yar'aduwa zuwa Jonathan zuwa Buhari babu wanda ya ce shirin na wanda ya gada ne don haka a watsar. A Agustan 2020 aka ayyana an rabu da nau'inta na asali. Ke nan mun iya riƙe abu guda shekara da shekaru. Sai dai kada mu yaudari kanmu, an riƙe shi ne saboda ƙasashe masu arziki na tsoron cutar ta tsallaka musu, suka zuba kuɗi suka sa ido. Jijjigar masu ciki da tamowa ba sa shiga jirgi.

"Ko Amurka ma haka take"

Gaskiya ne, kuma labarinta ya fi ƙarfafa maganata. A 2010 aka yi dokar inshorar lafiya ta zamanin Obama ba tare da ƙuri'ar ɗan Rifablikan ko ɗaya ba a zagayen ƙarshe, duk da cewa ta yi kama sosai da wadda gwamnansu Mitt Romney ya yi a jihar Massachusetts a 2006. A 2012 Kotun Ƙoli ta ce kowace jiha na da zaɓin faɗaɗa shirin Medicaid na marasa ƙarfi ko ta ƙi. Gwamnatin tarayya ce ke biyan kashi 90 na kuɗin, amma jihohi kusan goma, ciki har da Texas da Florida, sun ƙi karɓa. Kuɗi a ajiye, talakawansu na buƙata, sunan wanda ya kawo dokar ne matsalar.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da ya faru da aka tsallake 'yan siyasa aka tambayi jama'a kai tsaye. A Idaho, Utah da Nebraska a 2018, a Missouri da Oklahoma a 2020, a Dakota ta Kudu a 2022, duk jihohin da Rifablikan ke lashewa ba gumi, masu ƙuri'a suka amince a faɗaɗa. Mutanen nan dai su ne, tambayar ce aka cire mata hula.

Rigimarsu kuma ba ta tsaya a gidansu ba. Da Trump ya dawo a Janairun 2025 ya dakatar da tallafin ƙasashen waje, aka rushe hukumar tallafin Amurka ta USAID, sai da Najeriya ta yi gaggawar ware dala miliyan 200 don toshe giɓin. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 masu tamowa sun rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina a wata shidan farko na shekarar, ta kuma ambaci yanke tallafin manyan ƙasashe cikin dalilan. Wanda ya jingina lafiyar 'ya'yansa da aljihun wani, zaɓen garin wanin ma ya shafe shi.

Gana ta fi kusa da mu, kuma ita nake so mu kalla. Da can su ma sai ka biya kafin a taɓa ka. A 2003 gwamnatin John Kufuor ta kawo dokar inshorar lafiya ta ƙasa, 'yan adawa na NDC suka fice daga zauren majalisa don fushi. Amma an ɗaure shirin da harajin kashi 2.5 cikin 100 a kan kayan saye, aka buɗe shi ga kowa, ma'aikaci da mai talla. Da NDC ta hau mulki a 2009 ba ta rushe shi ba. Ba don sun zama waliyyai ba. Kati ya riga ya shiga hannun miliyoyin mutane, har 'yan'uwanmu na zango a Kumasi da Nima, kuma wanda ya taɓa shi ya san abin da zai tarar a akwati. Shirin na da matsalolinsa, asibitoci na kukan ana jinkirta biyansu. Sai dai gardamar da ake yi a can ita ce wa zai fi iya tafiyar da shi.

Mu kuwa namu da ma'aikatan gwamnatin tarayya aka fara, wato da waɗanda suka fi dama-dama, aka ce sauran su jira. Sun jira shekara 17 kafin dokar 2022 ta ce inshorar ta zama dole ga kowa, ta kuma tanadi asusun marasa galihu. Jihohin Arewa sun kafa nasu hukumomin, har aka sa musu suna taimakekeniya don a kwantar da hankalin masu shakkar halaccin inshora, kuma wannan dabara ce mai kyau. Tsorona shi ne ta hannun da katin kyautar ke bi. In sunayen marasa galihu sai sun biyo ta wajen kansila da shugaban jam'iyya na mazaɓa, to katin ya zama kamar buhun shinkafar azumi, kuma ranar da hula ta sauya jerin sunayen ma zai sauya.

Masu cewa a yi doka a hana masu mulki fita waje neman magani, na fahimci zafinsu, amma ban ga inda za ta kai mu ba. Su za su rubuta dokar, su za su bar mata taga. Ko an rufe filin jirgi akwai asibitocin kuɗi na Abuja da Legas. Abin da ya fi mini ma'ana shi ne a zuba kowa a tukunya ɗaya, babban sakatare da mai gadinsa da mai sayar da ƙosai a bakin ma'aikatar, ta yadda in tukunyar ta huje mai murya zai fara ihu.

Tambayar da na je yi

Bayan abin da na gani a kemis na ce bari in fara da kaina. Asusun nan na kashi ɗaya an tsara shi ne ta yadda aƙalla asibiti guda a kowace mazaɓa zai riƙa samun kuɗi kai tsaye a asusunsa na banki duk bayan wata uku, kimanin naira dubu 300 a shekarun farko, don sayen magani da ƙananan gyare-gyare. Akwai kuma kwamitin mutanen mazaɓa da ya kamata ya san shigar kuɗin da fitarsu. Kuɗin kaɗan ne, amma namu ne, kuma ba sai an je Abuja za a bi sawunsa ba.

Na sami wani dattijo da aka ce yana cikin kwamitin namu, a ƙofar gidansa bayan la'asar. Muka gaisa, ya sa aka kawo mini ruwa. Na ce, "Baba, tambaya na zo yi. Kuɗin nan na asibitinmu, sun shigo a wannan zangon? Me aka saya da su?"

Ya ajiye carbinsa a kan tabarma ya dube ni sama da ƙasa.

"Wa ya aiko ka?"

Na ce babu kowa, ni ɗan unguwa ne, a asibitin ake duba mahaifiyata.

Ya ce, "Na san ɗan unguwa ne kai, ai na san mahaifinka. Ina nufin kai ɗan wane ɓangare ne?"